Agbani Darego: Abin Da Ya Rage Bayan An Karɓe Kambu

Ranar 16 ga Nuwamba 2001, a wurin shaƙatawa na Sun City da ke Afirka ta Kudu, Priyanka Chopra, wadda masu kallon finafinan Indiya suka sani sarai, ta cire kambun sarauniyar kyau ta duniya ta ɗora shi a kan wata yarinya 'yar Najeriya mai shekara 18, Agbani Darego. 'Yan mata fiye da 90 ne suka shiga gasar Miss World a waccan shekarar. Kafin ita, mata uku daga nahiyar Afirka sun taɓa cin gasar: ɗaya daga Masar a 1954, biyu kuma Turawan Afirka ta Kudu a 1958 da 1974. Agbani ce baƙar fata ta farko daga wata ƙasar Afirka da ta ci. A Legas da Fatakwal an yi murna, gwamnatin Obasanjo ta ba ta lambar girmamawa ta ƙasa, jaridu suka yi ta buga hotonta. Shekara guda bayan nan wannan nasarar ta jawo gasar zuwa Najeriya, aka zubar da jini a Kaduna. Saboda haka duk wanda ya ambaci sunanta a ƙasar nan yakan tsaya a ɗaya daga cikin wurare biyu, ko alfahari ko takaici. Ina ganin duka biyun sun ɗora wa yarinya ƙarama nauyin da ba nata ba. Wanda ya bi rayuwarta daga farko zai ga kambun aikin kwantiragi ne na shekara guda a hannun wani kamfani, ribarsa mafi tsoka ta masu kamfanin ce, kuma abin da ya tsaya mata bayan an karɓe shi, shi ne abin da ta gina da kanta.

An haife ta ranar 22 ga Disamba 1982. Iyayenta 'yan ƙabilar Kalabari ne daga Abonnema a jihar Ribas, a Fatakwal kuma ta tashi. Mahaifiyarta 'yar kasuwa ce, ta rasu da ciwon dajin mama lokacin da Agbani ke da kimanin shekara 12, tana makarantar kwana. Ta yi sakandaren 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Abuloma, sannan ta samu gurbi a Jami'ar Fatakwal don karanta ilimin kwamfuta da lissafi. Burinta na ƙuruciya shi ne tallan tufafi, wato aikin da ake biyan mace ta sa kayan da aka ɗinka ta nuna su a dandamali ko a hoto. Ta gwada sa'arta a gasar neman sababbin fuskoki ta gidan talabijin na M-Net ba ta kai ba. A 2001 ta ci gasar Most Beautiful Girl in Nigeria ta kamfanin Silverbird, a watan Mayu ta je gasar Miss Universe a Puerto Rico ta shiga cikin goma na farko, bayan wata shida kuma ta ci Miss World. Karatun jami'ar da ta fara ya tsaya a nan, domin aikin sarauniya yawo ne daga ƙasa zuwa ƙasa, ba ya haɗuwa da zaman aji.

Mai karatu ba zai fahimci abin da ya same ta ba sai ya san mene ne gasar kanta. Wani ɗan kasuwar nishaɗi a Ingila, Eric Morley, ya ƙirƙiro Miss World a 1951 a matsayin wani ɓangare na shagalin bikin da aka yi a Birtaniya a shekarar, kuma abin da ya fara jan 'yan kallo shi ne nuna mata cikin kayan wanka. Bayan rasuwarsa a 2000 matarsa Julia Morley ta ci gaba da riƙe kamfanin. Kuɗin gasar na fitowa ne daga gidajen talabijin masu sayen izinin nunawa, da kamfanoni masu talla, da ƙasar da ta nemi a yi bikin a cikinta, da kamfanonin da ke riƙe da lasisin turo 'yar takara daga kowace ƙasa. A Najeriya lasisin yana hannun Silverbird na iyalan Murray-Bruce, waɗanda suka fara tasu gasar a 1986. Sharuɗɗan shiga su ma suna faɗin gaskiyar lamarin: dole yarinya ta kasance ba ta da aure kuma ba ta haihu ba. A 1974 Helen Morgan ta Birtaniya ta ajiye kambun bayan kwana huɗu kacal, saboda surutun da ya tashi da aka san tana da ɗa, shi ya sa kambun ya koma hannun 'yar Afirka ta Kudun da aka ambata. Sarautar da za a iya raba mace da ita don ta haihu, kuma wa'adinta wata goma sha biyu ne, sarauta ce a baki kawai. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Tun daga 1972 an ƙara wa gasar ɓangaren tara kuɗi don taimakon yara da marasa lafiya, kuma an tara kuɗi da gaske, ba na musun hakan. Sai dai aikin agajin rakiya yake yi wa cinikin, cinikin ne ke jan ragama.

Wurin da labarin Agbani ya fi ba da haske shi ne yadda aka zaɓe ta tun daga gida. Shekara da shekaru 'yan Najeriya na zuwa Miss World suna dawowa hannu rabbana. Guy Murray-Bruce, wanda ke kula da gasar Silverbird a lokacin, ya bayyana wa jaridar New York Times a 2002 cewa ya umarci alƙalansa su daina neman wadda 'yan gida za su kira kyakkyawa, su nemo wadda za ta dace da ma'aunin waje: doguwa sambal, siririya. Agbani ta dace da wannan ma'auni, shi ya sa ta ci. Amma a ƙasar da ta fito ma'aunin gargajiya daban ne. A yankin Kalaba an san al'adar killace budurwa kafin aure ana ciyar da ita har ta yi jiki, domin ƙiba alamar lafiya ce da wadatar gida. A ƙasar Hausa ma amarya ana so ta cika ta yi ɓulɓul, ramammiya kuwa tambayarta ake ko lafiya. Dattawa da yawa a kudu da suka ga hoton sabuwar sarauniya sun ce ai wannan yarinya ba ta ƙoshi ba. Cikin ɗan lokaci kuma 'yan matan birane suka fara ƙaurace wa abinci don su yi kama da ita. Ke nan nasarar da aka kira ta kyawun Afirka, ta samu ne ranar da masu shirya gasa suka ajiye idon Afirka suka ari na waje. Abu ɗaya da ya kamata a yaba shi ne Agbani baƙa ce kuma da baƙinta ta ci, a ƙasar da man bilicin ke cinye fatar mata da ƙodarsu. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa sai fara ake kallo.

Akwai kuma tambayar dalilin da ya sa kambu ke sauka a wata ƙasa a wani lokaci. Indiya ta buɗe kasuwarta ga kamfanonin waje a 1991. Daga 1994 zuwa 2000 'yan Indiya huɗu suka ci Miss World, wato Aishwarya Rai, Diana Hayden, Yukta Mookhey da Priyanka Chopra, wasu biyu kuma suka ci Miss Universe. Masu nazari a Indiya sun daɗe suna danganta wannan da shigowar manyan kamfanonin kayan kwalliya da ke neman fuskar da za ta tallata musu haja ga ɗaruruwan miliyoyin mata. Ba wanda ya kawo shaidar cewa an sayi alƙalai, ni ma ban ce an saya ba. Amma gasar da ke rayuwa da kuɗin talla dole idonta ya riƙa karkata wurin da sababbin masu saye suke. Najeriya ta koma mulkin farar hula a 1999, wayar salula ta shigo a 2001, ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka ta fara jan hankalin 'yan kasuwar duniya. Bayan nasararta Agbani ta sa hannu a kwantiragin shekara uku da L'Oréal, kamfanin kayan kwalliya na Faransa. Ita ta samu aiki mai kyau, kamfanin kuma ya samu ƙofar shiga zukatan mata baƙaƙe.

Sai aka zo 2002. Masu shirya gasar suka amince a yi bikin a Abuja, gwamnati na ganin dama ce ta wanke sunan ƙasa bayan shekarun soja. Lokacin kuwa bai yi daidai ba ta kowace fuska. Jihohin arewa goma sha biyu sun riga sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Kaduna ba ta gama warkewa daga rikicin shekarar 2000 ba, kuma wata kotun shari'a a jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, abin da ya sa wasu 'yan takara daga Turai suka ƙi zuwa. An sauke 'yan matan a Najeriya cikin watan azumi, ko da yake an ɗage ranar ƙarshe zuwa 7 ga Disamba don ta faɗo bayan sallah. Malamai da ƙungiyoyin Musulmi sun yi ta nuna rashin amincewa. Ranar 16 ga Nuwamba jaridar ThisDay ta buga wani rubutu kan gasar wanda ya ƙunshi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Jaridar ta nemi afuwa sau da dama, amma ranar 20 ga watan aka ƙona ofishinta na Kaduna, daga nan wuta ta bazu cikin unguwanni, aka ƙona masallatai da coci-coci da gidaje. Fiye da mutum 200 suka mutu, Musulmi da Kirista, dubbai suka rasa matsuguni. Aka kwashe 'yan takara zuwa Landan, can Agbani ta miƙa kambun ga Azra Akin 'yar Turkiyya.

A nan ne ya wajaba a yi adalci, domin an daɗe ana haɗa sunan wannan yarinya da jinin Kaduna. Ba ita ta nemi a kawo gasar Abuja ba, ba ita ta zaɓi watan ba, ba ita ta riƙe alƙalamin ɓatancin ba, ba ita ta ɗauki adda ba. Laifin ya rabu tsakanin 'yan kasuwar da suka ga riba suka toshe kunne daga gargaɗi, da gwamnatin da ta fi damuwa da yadda za a gan ta a waje fiye da yadda jama'arta ke ji, da jaridar da editocinta suka bari kalamai irin waɗannan suka fita, da kuma waɗanda suka kashe maƙwabtansu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ɓacin ran Musulmi kan taɓa martabar Annabi halal ne, amma babu nassin da ya halatta kashe wani talaka a Kabala ko Tudun Wada saboda abin da wata ta rubuta a Legas. Ƙungiyar Human Rights Watch da ta binciki rikicin ta nuna tushensa na cikin tsohuwar gabar da ba a magance ba tun 2000, ta kuma zargi jami'an tsaro da kashe mutane su ma. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa bikin bai fasa ba. An canja masa zaure, aka kunna fitilu a Landan, aka naɗa sabuwar sarauniya a ranar da aka tsara, mutanen Kaduna kuma suka ci gaba da binne 'yan uwansu.

Bayan ta sauka, Agbani ta koma Amurka ta yi aikin da tun farko take so. Ta yi wa manyan kamfanoni tallan tufafi da kayan ƙawa, ta fito a mujallu. Wannan sana'a ce mai gajeren kwana, wadda mace ke fara tsufa a cikinta tun kafin ta kai 30, kuma da alama ta gane haka da wuri. Ta koma aji a Jami'ar New York ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta kammala a 2012, shekara goma sha ɗaya bayan kambun ya katse mata karatun farko. A tsakani ta gabatar da wani shirin talabijin kan ado mai suna Stylogenic, daga baya ta buɗe nata kamfanin tufafi, AD by Agbani Darego, wanda ya fara da wandunan jins da jakunkuna da tabarau. A 2017 ta auri ɗan Janar T.Y. Danjuma a birnin Marrakesh na Maroko, a wani biki da ba a gayyaci duniya ba. Tun daga nan ba kasafai ake jin ta ba. Ba a san ta da rigimar kafafen sada zumunta ba, ba a san ta da tallan 'yan siyasa ba. A ƙasar da wanda ya yi suna na mako guda yake neman ya ci da shi har abada, wannan kamun kai abin lura ne, kuma a ganina shi ne mafi darajar abin da ta nuna, ya fi tafiyar da ta yi a dandamalin Sun City.

Wani zai ce: to ai maganarka ta karya kanta, domin ba don kambun ba da wa zai san Agbani, wa zai ba ta kwantiragi, da me za ta biya kuɗin makaranta a New York? Gaskiya ne kambun ya buɗe mata ƙofa, kuma ba ƙaramar ƙofa ba. Amma ƙofar mutum ɗaya take ɗauka a shekara. Sama da shekara 20 ke nan Najeriya na tura 'yan mata Miss World, ba a sake samun wadda ta ci ba, kuma a bayan kowace wadda aka tura akwai ɗaruruwa da suka sayi fom, suka ɗinka kaya, suka bar aji, suka koma gida ba wanda ya riƙe sunansu. Ko cikin waɗanda suka ci a gida, a duba su wa suka yi nisa. Lynda Chuba-Ikpeazu, wadda ta fara cin gasar Silverbird a 1986, ta je Majalisar Wakilai a 1999, amma 'yar babban alƙali ce kuma lauya. Bianca Onoh ta ci a 1988, ta zama jakadiyar Najeriya a Sifaniya, a 2024 kuma aka naɗa ta ƙaramar ministar harkokin waje, amma 'yar tsohon gwamnan Anambra ce, ta karanta shari'a, kuma matar marigayi Odumegwu Ojukwu ce. Grace Oyelude, wadda ta fara zama Miss Nigeria a gasar jaridar Daily Times a 1957, haifaffiyar Kano ce, kuma abin da ta rayu a kansa shi ne aikin jinya da ta koyo a Ingila ta dawo ta yi shekaru tana yi a asibitocin arewa. A kowane ɗayan waɗannan labarai za a tarar da takardar shaidar karatu ko gidan da ya tsaya wa yarinya, sau da yawa duka biyun. Wadda ta shiga ba ta da ko ɗaya, kambun ba ya ƙirƙira mata su. Masu cewa ai Agbani auren ɗan attajiri ne ya rufa mata asiri kuwa, su tuna ta yi shekara 15 tana ci da kanta, ta gama digiri, ta kafa kamfani kafin a ɗaura auren.

Daga ɗaya gefen kuma akwai mai cewa gasar nan haramun ce daga tushe, don haka ɓata takarda ne a tsaya nazarin rayuwar wadda ta ci ta. Ƙyamar da Musulmi ke yi wa jera mata a dandamali ana ba jikinsu maki tana da hujja mai ƙarfi, kuma ba su kaɗai ke da ita ba. A 1970 mata masu fafutukar 'yanci a Landan sun tarwatsa bikin Miss World da jifan garin fulawa, suna cewa an mayar da mace haja. A 1996 an yi zanga-zanga mai zafi a Bangalore ta Indiya lokacin da kamfanin Amitabh Bachchan ya kai gasar can. Kamfanin Miss World da kansa ya soke zagayen kayan wanka a 2014. Amma ƙin abu bai hana saninsa ba, kuma rashin saninsa ba ya hana shi ƙwanƙwasa ƙofa. A Disamba 2021 Shatu Garko, 'yar jihar Kano mai shekara 18, ta ci Miss Nigeria sanye da hijabi, aka ba ta naira miliyan 10 da mota. Hukumar Hisbah ta Kano ta ce za ta gayyaci iyayenta, aka yi makonni ana cacar baki. Wasu suka ce ga shi an nuna ana iya gyara gasar ta dace da mu. Lulluɓin ya gyara abin da ido ke gani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsarin cinikin dai bai canja ba: kamfani ne ke da gasar, masu talla ke biya, wa'adi shekara ɗaya ne, kuma sarauniya mai hijabi na nufin an samu hanyar kai talla ga miliyoyin matan da a da ba sa kallo. Zagin da aka yi wa yarinyar ya yi yawa, tambayar da aka yi wa masu shirya gasar kuma ta yi kaɗan, kamar dai yadda aka yi da Agbani.

Yau ba sai an je Sun City ba. Ana shirya ƙananan gasanni a jami'o'i da otal-otal da shafukan Instagram da TikTok, ana karɓar kuɗin fom, ana sa 'yan uwa da ƙawaye su sayi ƙuri'a da kuɗi, ana yi wa 'yan mata alkawarin mota da tafiya waje. Mafi yawan waɗannan ba su da ko tsarin da manyan gasanni ke da shi na kula da 'yan takara. Ga iyayen da 'yarsu ta zo da wannan magana, faɗa da duka ba sa kashe buri, sai dai su koya masa ɓuya. A zauna da ita a tambayi wane ne mai gasar, ina rajistarsa, me takardar yarjejeniya ta ce game da hotunanta, wa zai mallake su bayan shekara biyar, ina waɗanda suka ci bara da bara waccan suke yanzu. Ke kuma 'yar uwa mai sha'awar abin, idan Agbani Darego ce madubinki, ki kalli rayuwarta gaba ɗaya. Ta riƙe kambu wata goma sha biyu da 'yan makonni, kuma tana da shekara 29 ta koma ta karɓi digirin da kambun ya hana ta. Kada ki ajiye karatunki don fom ɗin kowa.